Yisti a Gidan Runcie

Rabin yankan burodi da man shanu, da kofin shayi ɗaya. Abin da mahaifiyata Elspet Runcie ta ci ke nan a gidan Teenie Coull wata Alhamis cikin Janairun 1964, kuma a kansa aka rufe ta mako goma sha ɗaya a ɗakin taru, inda muke ajiye ragar kamun kifi. Ni Mysie, 'yarta ta cikinta, ni na riƙa kai mata abinci. Ku riƙe wannan tun yanzu, kada ku ji ina sukar mutane ku ɗauka ni ba ni da laifi.

'Yar katanga ce kawai tsakanin tsakar gidanmu da na Teenie. A makon nan mijinta Dod ya faɗa teku daga jirgin kamun kifi, ba a ga ko hularsa ba. Teenie 'yar babban coci ce. Mu kuwa 'yan Taro ne, masu haɗuwa a ɗan zauren da ke bayan tashar jirage, ba fasto, ba ƙararrawa, sai dattawa. Shekara uku kafin nan dattawan suka fito da koyarwa cewa ɗan Taro ba ya cin abinci da wanda ba ɗan Taro ba. Ku gaisa, ku yi ciniki, amma tebur ɗaya a'a.

Da la'asar muna zaune mu huɗu a tebur, ni da Mama da yayana Sanders da matarsa Beenie, sai Yaya ya duba allon burodi ya ga wayam.

"Mama, ina burodin da kika gasa da safe?"

"Na kai wa Teenie."

"Kin ajiye mata a bakin ƙofa ke nan."

"Shiga na yi. Kwananta uku ba ta sa komai a baki ba. Ta ce ba zai wuce maƙogwaronta ba sai in wani ya ci tare da ita. Na yanka, na ci rabi, ta ci rabi."

Yaya ya ajiye cokali. Beenie ta janye kwanonta zuwa gefe kamar ta ga ƙuda a ciki.

"Kin san abin da kika faɗa kuwa?" in ji Yaya.

"Na sani mana, ai bakina ne. Mysie, miƙo min gishiri."

Gishirin yana gabana. Na dubi Yaya, na dubi gishirin, na bar hannuna a cinya. Mama ta miƙe ta zagayo ta ɗauka da kanta.

Yaya da ƙafarsa ya kai ƙara wajen dattawa. Da na tare shi a ƙofa yana sa kwat na ce, "Haba Yaya, wa ya gani? Mu kaɗai muka ji," sai ya ce min, "Ubangiji ya gani. Kuma mutum shida nake fita da su teku, duk 'yan Taro, tukunya ɗaya muke ci. In suka ji na rufe abu irin wannan a gidana, wa zai sake hawa jirgina?" Ya fara da Ubangiji ya ƙare da jirgi, kuma ko a jikinsa.

Washegari Dattijo Gilbert Sutar ya zo da wani dattijo da ba ya magana sai gyaɗa kai. Aka zaunar da su a falo, aka kira Mama, mu kuma muka tsaya jikin bango. Gilbert mutum ne mai taushin murya, irin wanda zai gaya maka gidanka ya ƙone kamar yana yi maka barka. Ya buɗe Littafi ya ɗora a gwiwa, bai ko duba ba.

Ya ce duk inda Nassi ya ambaci yisti, zunubi yake nufi. Ya ce abu ne da ba ya ƙara, ba ya wari, ana ɓoye shi ɗan mitsitsi cikin fulawa, kafin ka waiga ya ratsa ƙullun gaba ɗaya. Shi ya sa Isra'ilawa suke share gidajensu kaf kafin idi, shi ya sa manzo ya umarci masu bi su fitar da tsohon yisti su zama sabon curi. Tebur zumunta ne. Wanda ya ci da na waje ya kwaso yistinsu ya shigo da shi gida, daga gida ya kai Taro.

"'Yar'uwa Elspet, kin ci?"

"Na ci."

"Kin yarda laifi kika yi?"

"Matar na kuka, Gilbert. Mijinta na ƙarƙashin ruwa. In na ce maka na yi nadama ƙarya na yi, kuma kai da bakinka ka koya mana ƙarya ma yisti ce."

Mai gyaɗa kai ya daina gyaɗawa.

Mama ta gyara zama ta ce, "Bari in tambaye ka. Shekara talatin da ɗaya ina gasa burodin da kuke kakkaryawa ranar Lahadi. Da me kake zaton yake tashi? Da addu'a?"

Gilbert ya yi murmushi, don tambayar ta faɗo inda ya fi gwaninta. Ya ce gaskiya ne akwai yisti a burodin, kamar yadda akwai zunubi a jikin kowane mai bi, amma wuta ta hukunta shi. Yistin da ya shiga tanderu ya daina aiki. "Wannan rufewar da za mu yi miki, 'yar'uwa, ita ce wutarki. Ƙauna ce, ba ƙiyayya ba."

"Ka taɓa gasa burodi?"

"A'a."

"Na ga alama. Akwai lokacin sawa, akwai lokacin fitarwa."

Aka yanke kwana bakwai, yadda dokar Musa ta ce a keɓe mai alamar kuturta a sake dubawa. Ba za ta ci da kowa ba, ba za ta zauna da kowa ba, ba hira sai abin da ya zama dole. Gidanmu ɗaki uku ne, to ina za a keɓe mutum? Beenie ce ta tuna da ɗakin taru, wanda ke saman rumfar bayan gida, mai matakalar katako daga tsakar gida. Akwai ɗan murhun gawayi a ciki da taga ɗaya. Mu da hannunmu muka hau da gadonta. Gidan nan mahaifina ne ya gina shi da duwatsun da Mama ta riƙa ɗauko masa daga bakin teku a kwando, amma ba wanda ya ambaci haka ranar.

Beenie ta ɗaura jan zaren ulu a hannun kofin Mama da cokalinta, ta ware musu kwanon wanki daban. Ni kuma aka koya min aikina. In hau da tire, in ajiye a mataki na uku daga sama, in ƙwanƙwasa sau biyu, in sauko kafin ta buɗe. Shekarata talatin da huɗu a lokacin, ba aure, ba sana'a sai gyaran tarun Yaya, ban san kowa a duniya ba sai 'yan Taro. Ina faɗin wannan ne don ku san abin da na riƙa gaya wa kaina, ba don ya wanke ni ba.

Makon farko Mama ta ɗauke shi da wasa. Muna jin ta tana rera waƙoƙin sujada tana ɗinkin taru, tire na dawowa a suɗe. Ranar Lahadi Beenie ce ta gasa burodin Taro, ya fito da nauyin dutsen anga, wanda ake tsayar da jirgi da shi. Na ga Gilbert yana kokawa da shi a gaban jama'a, jijiyar wuyansa ta miƙe, na cije leɓe ina cewa a raina bari in je in ba Mama labari. Sai na tuna ba ni da izinin ba ta labari.

Kwana bakwai suka cika, dattawa suka hau, ba su fi minti biyar ba suka sauko. Wasu bakwai. Suka sake hawa, suka sake saukowa. Daga nan ba wanda ya ƙara maganar kwana bakwai, sai dai a ce "har ta gane."

A mako na uku waƙa ta tsaya. Kunun safe ya fara dawowa rabi, kifin rana an ɗan mintsine shi an bari. Mama 'ya ta tara ce a gidan mutum goma sha ɗaya. Tun tana 'yar shekara goma sha biyar take bin 'yan matan feɗe kifi gari gari, su shida a kwano ɗaya. Shekara saba'in da ɗaya a duniya, ba ta taɓa zama ta ci abinci ita kaɗai ba. Wata rana ban yi saurin sauka ba, ƙofa ta buɗe ina mataki na shida, na ji muryarta a bayana.

"Mysie, ba ya wucewa."

Ban waiwaya ba. Na ce wa katakon da ke gabana, "Ki daure ki ci, Mama."

"Ina ƙoƙari. Ina zuba wa tsuntsaye ɓurɓushi a taga don in ga wani baki na motsi, amma ba su zama, ɗauka suke su gudu."

Na sauko na shiga kicin na kifa kai a kan kwanon wanki ina kuka. Beenie ta same ni ta dafa kafaɗata. Ba muguwa ba ce yadda kuke zato, ita ke tsame wa Mama tsoka mafi kyau a miya. Ta ce, "Yajin ci take yi, Mysie. Taurin kai ne irin na tsofaffi. In muka yi laushi yanzu, duk wahalar da ta sha ta tafi a banza." Shi kuwa Yaya maganarsa ɗaya ce kullum: "Kalma guda ce fa. Ta faɗa ta sauko, kujerarta na nan. Wa ya hana ta?" Kujerar na nan kam, Beenie na jera wanki a kanta.

A mako na biyar Teenie ta zo ƙofarmu da tukunyar romon bandar kifi da dankali, tana tururi. Mace ce ƙatuwa mai muryar da ake ji daga tasha. Yaya ya buɗe ya tsaya a bakin ƙofa ya tare hanya.

"Matsa in wuce, Sanders."

"Ba a ganinta."

"Ba a ganinta? Kai, ni na yanke maka cibiya a ɗakin can, uwarka na ihu ubanka na teku! Yau ni ce ƙazanta?"

"Ban ce ke ƙazanta ba ce, Teenie. Muna yi miki addu'a."

"Riƙe addu'arka ka shafa wa jirgi! Tir da wannan tsarki naku. Ka sa tsohuwa a ɗakin taru a wannan sanyi, ka zo kana min muryar waliyyai. Da Dod ya san rabin burodi zai jawo haka, da ya dawo ya ci kayansa."

Yaya ya rufe ƙofa a hankali, don 'yan Taro ba sa buga ƙofa. Ya koma ya zauna ya yi addu'ar godiya a kan abinci, doguwa.

Bayan kwana biyu tire ya dawo a suɗe. Na ce ko tsuntsaye ne. Washegari ma haka, har ɓawon burodi babu. Na laɓe bayan rumfa da tsakar rana don in ga abin da ke faruwa, sai ga Teenie ta fito da kujera ta dasa a tsakar gidanta, daidai inda tagar ɗakin taru ke kallo. Ta yafa bargo, ta ɗora kwano a cinya, iska na kaɗa mata gashi. Ta ɗaga cokali sama ta jira. Na ɗaga kai, na ga fuskar Mama a bayan gilashi, ita ma ta ɗaga nata mai jan zare. Suka kai baki tare. Teenie na ci tana harare-harare kamar mai jiran wanda zai tanka mata, ta tauna a hankali don kada ta riga Mama gamawa.

Kwana tara suna haka, safe da rana da la'asar, har ranar da aka yi ƙanƙara. Waƙa ta dawo ɗakin taru.

Ni na ɓata. Farin ciki ne ya kwance min baki, Allah ya sani. Na shigo da tire ina cewa, "Ku duba, Mama na ci!" Beenie ta ce, "Ikon Allah, me ya canza?" Idona ya kai ga katanga, kuma Beenie ba ta da wauta. Washegari ita ta laɓe bayan rumfa.

Dattawa suka zauna a falonmu awa biyu a kan tambaya ɗaya: wanda ya ci a bayan gilashi, wani na ci a wancan gefen katanga, sun ci tare ko ba su ci tare ba? Mai gyaɗa kai ya buɗe baki karo na farko a rayuwata, ya ce shi dai a ganinsa tebur biyu ne. Gilbert ya ce ba katako ne tebur ba, zuciya ce. In sun ɗaga cokali tare da niyya, zumunta ta ƙullu. Ya ce wannan ma ya fi na farko muni, don yistin ya sami hanyar ratsa gilashi. Manyan mutane masu furfura, da Littafi a gwiwa, suna auna nisan kujerar gwauruwa da taga.

Yaya ya ɗauko farin fentin jirgi da tsani. Ina tsaye a tsakar gida riƙe da ƙafar tsanin, don ya ce in riƙe. Ya fara shafe gilashin tagar daga sama. Mama na tsaye a ciki tana kallonsa, fuskarsu ba ta fi taki ɗaya tsakani ba, shi kuwa idonsa na kan burushi. Goshinta ya ɓace, sai idanu, sai haɓa. Teenie na ta ƙunduma masa zagi daga wancan gefe har muryarta ta dishe. Da ya sauko ya ce min, "Haske zai shiga ai. Ba duhu na sa ta ba."

Daga ranar tire ya riƙa dawowa yadda na kai shi, sai shayi da ta ɗan kurɓa. Teenie ta ci gaba da fitowa da kujerarta tana buga cokali a kwano don Mama ta ji. Ba a daɗe ba 'yarta ta zo daga birnin Aberdeen ta tafi da ita na ɗan lokaci, don tari ya kama ta a zaman sanyin nan. Tsakar gida ya yi tsit. Sai ƙarar takun Mama a saman katako, daga gado zuwa murhu, daga murhu zuwa gado, shi ma ya riƙa raguwa.

A mako na tara aka kira likita, don Yaya ba ya so a ce bai kula ba. Ya hau ya duba ya sauko ransa a ɓace. Ya ce huhunta da zuciyarta na tsohuwa ne amma ba su ne matsala ba, matar nan yunwa ke cin ta. "Ku sauko da ita cikin mutane. Ku zauna ku ci da ita, ko kunu ne." Yaya ya ce akwai abubuwan ruhaniya da likita ba zai gane ba. Likita ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe a kaina, ya ɗauki jakarsa. Ko shayi ba a ba shi ba, shi ma na waje ne.

Gilbert ya zo da yamma ya ƙarfafa mana gwiwa. Ya ce lokacin da jiki ya yi rauni ne ruhu yake karyewa ya tuba, wuta na gab da gama aikinta. Ya ce Ibrahim ma bai hana Allah ɗansa ba. Beenie ta share hawaye ta ce wa'azin ya taɓa ta. Ni na tsaya ina tunanin cewa a labarin Ibrahim an tsayar da wuƙar, amma ban faɗa ba.

Lahadi ta goma sha ɗaya na ce kaina na ciwo, suka tafi Taro suka bar ni. Na dama kunu da madara, na yanka burodi, na ɗora a tire. Na jawo aljihun tebur na ɗauki cokali na biyu. Na wuce mataki na uku, na tura ƙofa da kafaɗa.

Ɗakin na warin kwalta da gawayi, hasken fari fat kamar cikin madara. Na nemi Mama a gadon na rasa, sai da bargo ya motsa. Wayyo, matar da ke ɗaukar kwandon kifi a baya ta hau tudu tana hira! Zobenta ta ɗaure da zare a yatsa don kada ya zame.

"Wa ya mutu?" ta ce.

"Ba kowa. Abinci na kawo."

Ta ga cokali biyu. Ta yunƙura ta kama hannuna, da ƙarfin da ban san ta rage shi ba. "Maza mayar. Ke ba ki da hankali? Ni na tsufa, na gama. Ke in sun rufe ki ina za ki?"

"Oho."

"Mysie, ina yi miki magana."

Na zauna a bakin gado na ɗibi kunun na kai baki. Na ƙara. Hawaye na zuba cikin kwano ina ci. Ta saki hannuna ta koma kan matashi tana kallon bakina.

"Har yanzu da ƙara kike ci, kamar ubanki," in ji ta. Can ta ce, "To ba ni."

Na tallafo kanta. Cokali uku ta haɗiye, na huɗu ya dawo. Na gutsura burodi na ci rabi na ba ta rabi, ta riƙe shi a baki ta daɗe tana juyawa, sannan ta yamutsa fuska.

"Beenie ce?"

"Ita ce."

"Ba ta barin ƙullu ya huta. Gaggawa gare ta." Ta rufe ido, na zaci barci ta yi. Sai ta ce, "Kin kyauta, 'yar nan. Ya wuce yau." Bayan ɗan lokaci ta ƙara da cewa, "In kin ga Gilbert ki ce masa ya manta abu a tanderu."

Ina nan zaune har na ji takunsu a tsakar gida. Na sauko da tire a hannu, cokali biyu a cikin kwano ɗaya, na ajiye a gaban Yaya. Ya kalla ya ce, "Kin san abin da kika jawo?" Na ce, "Na sani mana." Ya ce za a duba maganata bayan an ga yadda jikin Mama zai yi, don a yanzu ba mai hawa da sauka sai ni. Ashe dokar ma tana iya jira in ana bukatar mai aiki.

Ban sake saukowa cin abinci ba, amma Mama ba ta ƙara haɗiye komai ba. Ranar Talata da hantsi ta cika, ina riƙe da kofinta.

An binne ta ranar Juma'a, ba waƙa, don ta mutu a rufe. Gilbert ya ce 'yan kalmomi a bakin kabari, cewa Ubangiji ya san nasa, shi ne mai share gidansa. Da ya zo wucewa ta gabana na ce, "Mama ta bar maka saƙo. Ta ce ka manta abu a tanderu." Ya tsaya, fuskarsa ta yi ja har kunne, na san ya tuna. Sai ya ce, "Baƙin ciki ne ke magana, 'yar'uwa," ya wuce.

Muka dawo gida, 'yan Taro sun cika falo, Beenie na zagayawa da butar shayi. Na miƙa hannu zan ɗauki kofi, Yaya ya ce a hankali, "Naki na waje." Na fita tsakar gida. Tire na nan a mataki na uku, da shayi da yankan burodi. Kofin mai jan zare ne, ko zaren ba su canza ba.

Na hau na ɗauka, na sauko, na fita ta ƙofar baya na zagaya gidan Teenie, wadda ta dawo don jana'iza aka hana ta matsowa kusa da kabari. Ta buɗe ta dubi tiren ta dube ni. Ba ta ce min sannu ba. Ta ce, "Sai yanzu?" Sannan ta matsa na shiga.

Ban sake kwana a gidan Runcie ba. Yaya ya yi shekara ashirin da biyu bayan haka, in mun haɗu a hanya yakan ɗaga hula, amma ko alewa ba mu sake ci tare ba. Har ya mutu yana cewa shi bai taɓa hana mahaifiyarsa abinci ba, kuma gaskiyarsa, sau uku a rana ake kai mata. Ba wanda ya doke ta, ba wanda ya zage ta, ba wanda ya ɗaga mata murya. Kowa a gidan nan yana ƙaunarta, kowa yana da ayar da ya jingina da ita. An tsaya ana neman zunubi a rabin burodin da aka ci da mai makoki, alhali abin da ya ratsa gidanmu shiru shiru, daga Gilbert zuwa Yaya zuwa Beenie zuwa ni, tsoro ne da son a ce mu tsarkaka ne. Shi ba wanda ya ce a share shi.

Yanzu ni ma na haura shekarun Mama, ina zaune a ɗaki ɗaya a Aberdeen, ina ci ni kaɗai ina kallon bango, kuma na san abin da take nufi da ba ya wucewa. Mutane in sun ji labarin sukan ce na yi jarumta da na hau da cokali na biyu. Ina jarumta? Mako goma sha ɗaya, sau uku a rana, na hau matakalar nan da tire fiye da sau ɗari biyu. Cokula kuwa cike suke da aljihun tebur tun ranar farko, kuma kullum sai na buɗe shi kafin in hau.